Mai Rubuta Labari da Malamin Tarihi

Jama'a, yau za mu karanta labarin wata Baturiyar Ingila, sunanta Agatha Christie. An haife ta a 1890, ta rasu a 1976. Sana'arta rubuta littattafai, irin waɗanda a kan kashe wani a ɓoye, mai karatu ya yi ta neman wanda ya yi kisan, sai a ƙarshe asiri ya tonu.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani abokin mijinta, Stephen Glanville, masanin tarihin Masar, ya ba ta shawara. Ya ce ta rubuta irin wannan labari, amma ya zama ya faru a Masar shekara 4,000 da suka wuce. Ta ce ina ita ina sanin zaman mutanen da? Sai ya tara mata littattafai. A ciki ta sami wasiƙun wani mai gonaki, Hekanakht, waɗanda aka tono kusa da garin Luksor wajen 1922. Mutumin nan ya yi tafiya, ya rubuto gida yana faɗa. A kula da gona, a auna hatsin kowa, kada a wulakanta masa mata. Ashe rigimar gida ba yau ta fara ba!

Daga nan ta ɗauko labarinta: maigida ya kawo ƙwarƙwara yarinya, gida ya rikice, aka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

To, amma ga wahala. Littattafan tarihi sun cika da sarakuna da yaƙi. Ita kuwa ƙananan abubuwa ta ke so. Me su ke ci? Yaya su ke dafa nama? Maza da mata tare su ke cin abinci? Ina su ke ajiye tufafi? Kullum sai ta buga masa waya. Tambayar da za ta yi cikin minti 3, shi sai ya bincika littafi 8 kafin ya sami amsa. Ni dai na yaba haƙurinsa.

Wuri ɗaya suka yi gardama. Ya matsa mata ta sake ƙarshen labarin, ta sake, daga baya ta yi da-na-sani. Littafin ya fito a 1944, sunansa Death Comes as the End.

Kafin aji na gaba, kowa ya sami wani tsoho a garinku, ya tambaye shi da me a ke sayayya a kasuwa zamanin kakansa. Ku rubuto amsar cikin layi 3.