Matsalolin Faifai Mai Goguwa da Na'urar Karanta Shi

1.0 Gabatarwa

Kafin wayar hannu ta mamaye gari, a faifai ake ajiye waƙoƙi da finafinan Hausa da kundayen binciken ɗalibai. Ko da yake yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da wurin sa faifai, har yanzu akwai faya-fayai a makarantu da gidaje ɗauke da waƙoƙin makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Malamin Hausa yana buƙatarsu wajen koyar da adabin baka. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi yadda zai gano matsalar faifai, da yadda zai ceto abin da ke ciki.

2.0 Yadda Faifai Yake Aiki

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a 1982. Nau'in da ake gogewa a sake naɗa, wato CD-RW, ya shiga kasuwa a 1997. Faifan CD yakan ɗauki sauti na kimanin minti 80 ko megabait 700, shi kuwa DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7.

Na'ura tana karanta faifai ne da siririn hasken leza da ke fitowa daga idonta, ya bugi faifan ya dawo. A faifai mai goguwa akwai shimfiɗar gaurayen ƙarafa da zafin leza yake sauya wa yanayi. Ana iya sake naɗarsa kimanin sau 1,000, amma hasken da yake mayarwa bai kai na faifan da aka buga a masana'anta ba. Don haka ne tsohuwar na'ura, ko wadda idonta ya yi rauni, takan karanta faifan kanti ta ƙi mai goguwa.

3.0 Gano Tushen Matsala

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Matakin farko shi ne a gano inda tsagar take. A gwada faifan a wata na'ura, sannan a gwada lafiyayyen faifai a na'urar da ake zargi. Idan faifan ya ƙi a ko'ina, laifinsa ne. Idan kuwa na'urar ta ƙi kowane faifai, ita ce ke son gyara.

4.0 Matsaloli da Magungunansu

(a) Ƙura. A yanki irin na Ɗanbatta, hazon hunturu yakan zo daidai lokacin sussukar gero da dawa, ƙura ta lulluɓe idon na'ura. A rufe ta da ƙyalle idan ba a aiki da ita, a kuma kai wa mai gyara ya share idon.

(b) Dauɗa da ƙarzuwa. A goge faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa gefe. Kada a bi da'ira, domin bayanin a zagaye yake kwance, kuma ƙarzuwar da ta bi layinsa ta fi ɓarna. A faifan CD, bayanin yana dab da fuskar da ake rubuta suna, saboda haka kada a yi rubutu a kanta da biro.

(c) Zafi. Ranar bazara takan lanƙwasa faifan da aka bari a taga ko a cikin mota. Faifan da ya lanƙwashe ba ya gyaruwa. A ajiye shi a gidansa, a tsaye, a inuwa.

(d) Katsewar naɗi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar naɗi, faifan yakan ƙi buɗewa. Mai goguwa yana da wannan fifiko: a goge shi gaba ɗaya, a sake naɗi da ƙaramin gudu.

(e) Rashin rufe naɗi. Faifan da ba a rufe ba yakan yi aiki a kwamfutar da ta naɗe shi, ya ƙi a na'urar kallo ta gida. A mayar da shi a rufe.

(f) Maƙalewar faranti. A kashe na'ura, a tura miƙaƙƙiyar waya cikin ƙaramar hudar da ke gabanta, farantin zai turo.

5.0 Kammalawa

An ga cewa wasu matsalolin suna gyaruwa, wasu kuwa ba su da magani. Wajibi ne malami ya kwafe duk faifan da ya buɗe zuwa kwamfuta da wata ma'ajiya ta biyu nan take, ya rubuta sunan mawaƙi da na waƙar. Wata waƙar ko hirar da ɗalibi ya naɗo a ƙauye, wannan kwafin kaɗai gare ta.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa na'ura takan karanta faifan kanti ta ƙi mai goguwa?
2. Bayyana yadda ake bambance laifin faifai da na na'ura.
3. Tsara matakan da malami a Ɗanbatta zai bi don adana faya-fayan makarantarsa.