Yadda ake saita hambirkin mota a gida

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ya san Kazaure ƙasa ce mai duwatsu, haka ma wajejen Roni, kuma ba ko'ina mota za ta sami shimfiɗaɗɗen wurin tsayawa ba. Amma motocin haya da yawa da ke tashoshinmu, Golf ne ko Sharon ko akori-kura, hambirkinsu ya daɗe da mutuwa. Direba na tsayawa sai yaron mota ya diro da waigi, ko ya laluɓo dutse ya cusa ƙarƙashin taya. Ran da yaron ya makara, ga buhunan gero da riɗi a baya, motar ba ta jiran kowa. Gyaran nan kuwa bai fi aikin hantsi guda ba, kuma sau da yawa ba ya cin ko kwabo.

Fara da gane yadda abin yake aiki. Birkin ƙafa da man birki yake aiki. Hambirki kuwa waya ce ta ƙarfe da ta taso daga mariƙin da ke gefen direba, ta rabu biyu, ta tafi tayoyin baya. Idan ka ja mariƙin, wayar ta ja shu ya danne cikin durom, taya ta tsaya. Abu biyu ne ke sa ya saki. Ko dai shu ya cinye har tazararsa da durom ta yi yawa, ko kuma wayar ta miƙe saboda daɗewa. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi damuna: mutum ya je kai tsaye ya ɗaure notin waya har ƙarshe, bai leƙa tayar ba. Mariƙin zai yi tauri, ka ɗauka an gyara, alhali shu ɗin yana nan yadda yake, wayar ce kawai aka gallaba wa. Daga taya ake farawa, waya ita ce ta ƙarshe.

Kafin ka taɓa sifana, ja mariƙin a hankali kana ƙirga ƙarar haƙoransa, ƙat, ƙat, ƙat. A yawancin ƙananan motoci ya kamata ya kama tsakanin ƙara 4 zuwa 8, kuma littafin motarka zai faɗa maka adadin da ya dace da ita. Idan ya haura 10, ko ya tashi har ƙarshe babu nauyi a hannu, lokacin aiki ya yi.

Kayan da za ka tanada su ne jak, wilsifana, sifana lamba 10 da 12, sukundireba mai faɗin baki, filaya, samfefa, tsumma, tocila, waigi biyu da kututturen itace mai ƙwari. Nemi wuri mai tauri wanda babu gangara. Mutanen Babura da Gwiwa su kula da wannan sosai, domin ƙasar rairayi tana haɗiye gindin jak sannu a hankali har mota ta karkace. Shimfiɗa katako mai faɗi da kauri, ka ɗora jak a kai. Sa motar a giya ta ɗaya, in otomatik ce a P, ka sa wa tayoyin gaba waigi gaba da baya. Sassauta notocin tayoyin baya tun suna ƙasa, sannan ka ɗaga, ka tokare motar da kututturen. Don Allah kada ka tokare ta da bulon siminti, fashewa yake yi ba tare da ya ba da sanarwa ba. Kada kuma ka sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Yanzu sauke hambirkin gaba ɗaya, ka cire taya, ka zare durom. Idan ya ƙi fita, bubbuga gefensa da guduma a hankali kana juya shi. A wasu motocin, kamar Golf mai durom, sai an kwance notin tsakiya an fito da boris tare da shi. In ba ka saba da wannan ba, bar wa bakanike, domin mayar da boris yana da nasa ƙa'idar.

Da ka buɗe za ka tarar da baƙar ƙura ta cika ciki, ta shu da ta hunturu sun haɗu. Kada ka hure ta da baki, tana cutar da huhu. Jiƙa tsumma ka goge. Sai ka dubi shu ɗin da kyau, ka haska tocila. Fatar da ke manne a bayansa idan ba ta kai kaurin milimita 2 ba, ko ta tsage, ko ta fara ɓantarewa daga ƙarfen, saiti ba zai yi maganinta ba. Sayo sabon shu, kuma ka canja na tayoyin biyu tare. Idan ka ga danshin mai a jikinsa, galibi silindar birki ce ke yoyo, wannan kuma ya shafi birkin ƙafa, sai a gyara shi kafin komai. In fatar tana da kauri amma fuskarta ta yi santsi tana ƙyalli, goga mata samfefa kaɗan, ka goga wa cikin durom ɗin ma.

Tsakanin shu biyun akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kewaye da shi, shi ne abin saiti. Asalinsa yana saita kansa da kansa, amma ƙura da tsatsa suna kashe shi, musamman a motar da ke ratsa ruwa da damina. Goge shi, ka shafa giris ɗan mitsitsi a zarensa kawai, ka tabbata ko ɗigo bai taɓa fatar shu ba. Mayar da durom, ka juya shi da hannu. Idan yana wulwulawa sakayau, cire shi, ka murza haƙoran nan da bakin sukundireba yadda shu zai buɗe, haƙori biyu ko uku, ka sake mayarwa ka gwada. Haka za ka yi ta yi har ka ji ɗan sautin gogayya, shuu, shuu, amma durom ɗin yana juyawa da hannu ɗaya ba tare da wahala ba. Wannan wurin yana son haƙuri. Idan ka ƙure shi, taya za ta riƙa zafi a hanya, mota ta riƙa shan mai, shu ya ƙone. Yi wa ɗaya tayar daidai yadda ka yi wa wannan. Golf mai durom ba ta da haƙoran nan, wani ɗan ƙarfe ne mai tsini da sifirin ke ja, kuma taka birki da ƙarfi shi ke zaunar da shi. Wasu motocin masu faifai a baya, kamar Camry, suna da ƙaramin shu na hambirki a cikin faifan, ana saita shi ta wani rami mai murfin roba: a ɗaure har faifan ya tsaya, sannan a sassauto har ya saki.

Bayan ka mayar da durom biyun, shiga mota ka taka birkin ƙafa da ƙarfi sau da dama, ka ja hambirki ka sauke shi sau uku ko huɗu, sannan ka sake ƙirga ƙarar. Sau da yawa za ka tarar aikin ya ƙare a nan.

In har yanzu yana tashi da yawa, to yanzu ne za a koma kan waya. Ɗaga robar ko murfin da ke gindin mariƙin, za ka ga noti a kan dogon zare. A wasu motocin yana ƙarƙashin mota, inda wayar ta rabu biyu. Idan noti biyu ne a jere, na sama makulli ne, sassauta shi tukuna. Ja mariƙin zuwa ƙara 4, ka riƙa ɗaure notin zagaye ɗaya ɗaya, kana zuwa kana gwada tayoyin, har su yi nauyin juyawa. Golf waya biyu gare ta, kowace da notinta, sai ka ɗaure su daidai wa daida don kada taya ɗaya ta kama ɗaya ta saki. Sauke mariƙin, tayoyin biyu su juya sakayau, jar fitilar dashbod kuma ta mutu. Sannan ka ɗaure makullin.

Idan notin ya kai ƙarshen zare bai kama ba, ko ka ga silin wayar sun fara tsinkewa, ko ka sauke mariƙi amma taya ta ƙi saki, wayar ta gama yayinta. Canja ta. Kada ka yarda a ƙulle ta ko a cusa mata wasu ƙarafa don a rage tsawonta. Motar da hambirkinta maɓalli ne na lantarki kuwa ba a saita ta da sifana, ka kai ta wurin mai na'urar gwaji.

Mayar da tayoyi, sauke mota, ka ƙara ɗaure notocin tana ƙasa. Nemi gangara mara cunkoso, inda babu yara ko dabbobi a bayanka. Tsaya, ja hambirki, sa ta a firi, ka ɗaga ƙafa daga birki a hankali amma ƙafar na kusa. Gwada ta tana fuskantar sama, ka juya ta ka gwada tana fuskantar ƙasa. Daga nan yi tafiyar kilomita 3 ko 4 ba tare da yawan taka birki ba, ka sauka ka kusanta bayan hannunka ga kowace tayar baya. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ka ƙure ta, koma ka sassauta.

Masu otomatik su riƙa jan hambirki kafin su kai giya P, domin ɗan ƙarfen da ke kulle giyar bai kamata ya ɗauki nauyin mota shi kaɗai a gangara ba. Idan kuma za ka ajiye mota makonni, ko ka fito daga ruwa za ta kwana biyu a tsaye, kada ka ja hambirki, bar ta a giya ka sa waigi, don shu mai danshi yana manne wa durom. Ban da wannan, ja hambirkinka a duk tsayuwa, domin wayar da ba a motsa ta ita ce tsatsa ke fara kamawa. Direbobinmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, duk ran da za ku zuba baƙin mai, ku ƙirga ƙarar mariƙin nan kafin ku bar gareji.