Dalilan Fargabar Ma'aikatan Asibiti a Lokacin Annoba

Ya kamata jama'a su sani cewa likita da malamin asibiti da ungozoma, har da leburan da ke share ɗakin majinyata, su ma 'yan Adam ne masu iyali, kuma idan annoba ta sauka, Allah ya kiyashe mu, su ne ke kwana da ita ɗaki guda alhali kowa yana gudunta.

Abin da ya auku a Jos ya isa hujja. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, daga garin Lassa ta ƙasar Barno, tana fama da cutar da ake kira zazzaɓin Lassa, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Da shekara ta zagayo, likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa wajen binciken gawa, ajalinta ke nan.

Sababin fargabar ma'aikata na farko shi ne rashin sanin wanda ke ɗauke da cutar, domin zazzaɓin Lassa a farkonsa bai da bambanci da zazzaɓin sauro, har ma'aikaci ya taɓa jinin majinyaci kafin a gane, sa'an nan ya zauna cikin zullumi yana lissafin kwana 21, tun da cutar tana iya ɓuya har tsawon haka kafin ta bayyana. Na biyu, wanda ya fi tsanani, tsoron kai wa iyali, har uwa ta koma gida ta kasa ɗaukar ɗanta. Na uku ƙarancin safar hannu da takunkumin fuska da ruwan wanke hannu, ga gajiya, ga gadon abokin aiki a gabansa. Na huɗu ƙyamar maƙwabta, da rigimar dangin mamaci idan aka hana su wanke gawa yadda aka saba.

Saboda haka wajibi ne a kan hukuma ta wadata ma'aikatan asibiti da kayan kariya da hutu da haƙƙinsu a kan kari, mu kuma talakawa mu kai mara lafiya asibiti da wuri, mu faɗi gaskiyar inda ya je da wanda ya yi jinyarsa, mu bi umarnin ma'aikata wajen jana'iza, domin mai ɓoye wa likita labari ya ci amanar wanda ke neman ceton ransa.