Darasin Aikin Hannu: Saƙar Bargon Jariri

Duk wanda ya taɓa kwana a Machina, ko Nguru, ko Gashuwa cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira hunturu. Iska ce mai ƙura ke busowa daga arewa maso gabas, ta wajen hamada. Da rana ka yi gumi, amma da asuba sanyi a Nguru yakan sauka kusa da digiri 13. Babba ya ja bargo ya yi ta barcinsa. To, jariri fa?

Jariri ba shi da ikon riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Fatarsa ba kauri, kansa kuwa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, ta nan zafi ke saurin fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka akwai hatsari. Saboda haka wanda ya kai wa mai jego bargo ran suna, ya kai kyauta mai amfani. Amma fa sai in an gama shi da kyau. Bargon da aka gama da gaggawa yana iya cutar yaron da aka so a taimaka. Wannan shi ne jigon darasinmu.

Kada ɗalibai maza su ce wannan aikin mata ne. A ƙasar Hausa maza ne ke saƙa ƙyallaye dogaye marasa faɗi, sa'an nan a haɗa su da allura su zama gwado ko luru. Abin da ya sake kaɗai shi ne kayan aiki.

1. Kayan aiki

Ana bukatar allurar saƙa guda biyu dogaye, masu kaurin milimita 4, da kwarashi, da allura mai babban ido marar tsini, da almakashi, da tef na awo. Zare kuwa kamar giram 400, watau ƙullu 8 masu giram 50. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama mashigar kayan Kano a wannan yanki, don haka wanda bai samu zare a gida ba sai ya nema can.

Ku sayi zaren duka rana ɗaya, ku duba lambar rini a jikin takardarsa ta zama iri ɗaya, don kada rabin bargo ya fi rabi duhu. Ku goga zaren a wuyanku. In ya yi muku ƙaiƙayi, to, jariri ba ya iya jure shi. Ku sani kuma yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa zaren roba ne, ba gashin tunkiya ba. Yana da araha da sauƙin wanki, amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. Ɗakin mai jego kuwa ba ya rabuwa da garwashi lokacin sanyi. Lalle a gaya mata wannan.

2. Lissafi kafin saƙa

Kowace lanƙwasar zare da ke kan allura ita muke kira ido. Hannun kowa daban ne, wani yana tsukewa, wani yana sakewa. Don haka a fara saƙa ɗan gwaji, a ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. A ce an sami ido 20 a faɗi, layi 40 a tsawo. Bargon da muke so faɗinsa santimita 75 ne, tsawonsa 90, watau kamar inci 30 da inci 36. Ashe ke nan za a ɗora ido 150, a saƙa layi 360. Wanda ya yi layi 12 kullum, cikin kwana 30 ya gama. Kun ga wanda ya jira sai an haihu ya makara, domin suna ran bakwai ne. Sannu ba ta hana zuwa, amma a tashi da wuri.

3. Saƙar kanta

Mai koyo ya tsaya kan saƙa mafi sauƙi, watau a soka allura ta gaba a kowane ido, a kowane layi, ba canji. Irin wannan tana fita da kauri, fuskokinta biyu iri ɗaya, gefenta kuma ba ya nannaɗewa. Ku guji ado mai manyan ramuka, domin yatsar jariri tana shiga ta maƙale. In ƙullu ya kusa ƙarewa, a haɗa sabo a bakin layi, ba a tsakiya ba, a bar jela kamar santimita 15 a kowanne.

4. Gamawa

Nan ne ake sanin gwani. Abu biyar ne.

Na farko, rufe ido. A rufe da sakakken hannu. In an tsuke, bakin bargo ɗaya zai fi ɗaya gajarta, ya zama kamar bakin jaka.

Na biyu, ɓoye jela. Kada a ƙulla a yanke kawai, ƙulli yakan kwance wajen wanki. A sa kowace jela cikin allura marar tsini, a bi da ita cikin saƙar kamar santimita 5, a juyo baya, sa'an nan a yanke. Wannan ba don kyan gani kaɗai ba ne. Zare guda in ya naɗe yatsar jariri yana iya tsare jini har ta kumbura, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba.

Na uku, baki. A zagaya bargon da kwarashi sau biyu, a ƙara ido a kowace kusurwa don ta kwanta. Kada a sa geza, ko tuntu, ko maɓalli, ko duwatsun ado. Abin da hannun yaro ya kama, baki yake kai shi.

Na huɗu, wanki. A wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye har rini ya daina fita. Ruwan zafi yana tsuke ulun gaske. Kada a murɗe, a naɗe cikin tawul a danna. A shimfiɗa kan tabarma mai tsabta a inuwa, a daidaita kusurwoyi. In an rataye a igiya nauyin ruwa zai miƙar da shi.

Na biyar, dubawa. A ɗaga shi wajen haske, a bi da hannu ciki da baya. In an ga idon da ya zame, a kama shi. Sa'an nan a ninke a sa cikin jaka saboda ƙura.

5. Miƙa kyauta

Ran da kuka je barka, kada ku ajiye bargo ku tashi. Cikin ladabi ku gaya wa mai jego abu uku. A kwantar da jariri rigingine. Kada bargo ya wuce kafaɗarsa, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa don kada ya hau fuska ya tsare numfashi. A riƙa taɓa ƙirjinsa, in yana gumi a rage rufa, domin zafi ma yana cutarwa. Bakwaini kuwa, ba bargon da ya kai ƙirjin uwarsa. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978, a ɗora yaro fata da fata a ƙirjin uwa, a rufe su tare.

'Yan'uwa, gobe ku ne malamai a ƙauyuka. Cikin bargo ɗaya akwai darasin lissafi, da na tsabta, da na haƙuri. Ga aikin gwaji: in hannunka ya ba da ido 22 cikin santimita 10, ido nawa za ka ɗora don faɗin santimita 80? A kawo amsa tare da ɗan gwajin saƙa. Allah ya raya abin da aka haifa, ya sa albarka a hannuwanmu.