Ɗaukar Hoton Jariri Sabon Haihuwa

Tun da wayar hannu mai kyamara ta shiga kusan kowane gida, ɗaukar hoton jariri ya tashi daga hannun masu hoto na kasuwa ya koma hannun iyaye da dangi da 'yan barka. Sai dai jariri sabon haihuwa, wato wanda bai wuce kwana 28 a duniya ba, ba ya iya riƙe kansa, ba ya kuma jure sanyi ko hayaniya, saboda haka ka'idar farko a wannan aiki ita ce mai ɗauka ya bi halin da jaririn yake ciki, kada ya tilasta masa wani zama ko wata kwanciya don hoto ya yi kyau.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan jariri ya sha nono ya ƙoshi, an ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, domin a nan ne jikinsa yake saki barci ya kwashe shi. Jarirai kan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, don haka mai haƙuri ba zai rasa dama ba. Ranar suna kuwa, ko da yake a ita aka fi son hoto, ita ce ranar da jariri ya fi wahala, yana fita daga wannan hannu zuwa wancan, ga aski ga zafin taro, shi ya sa ya fi kyau a ɗauki hotonsa da safe kafin gida ya cika.

Haske shi ne ginshiƙin hoto, kuma mafi kyawunsa ga jariri shi ne hasken rana mai laushi da yake shigowa ta taga ko ta ƙofar ɗaki da hantsi ko da la'asar. Ana kwantar da jaririn yadda hasken zai sauko masa ta gefen goshi ya gangaro zuwa haɓa, ta haka hanci da kumatu da leɓe suke fita sosai. Idan mai ɗauka ya fuskanci taga, jariri yana tsakaninsa da ita, fuskar za ta fito baƙa ƙirin, bayan kuma ya yi fari fat. Irin wannan matsala tana faruwa idan aka naɗe jariri da farin mayafi, saboda kyamara tana auna hasken mayafin ta rage na fuska, maganinta kuwa shi ne a taɓa fuskar jaririn da yatsa a jikin gilashin wayar kafin a ɗauka, sai kyamarar ta mai da hankalinta can. Ita kuma filashi, wato fitilar nan mai walƙiya da ke bayan waya, gara a kashe ta, don tana firgita mai barci, tana kuma sa fata ƙyalli. Hasken rana yana da wani amfani da ya fi hoto: a cikinsa ake saurin gane shawara, wato idanu da fatar jariri su koma rawaya, kuma wanda ya lura da haka ya kamata ya ajiye waya a nufi asibiti.

Kafin a fara, a goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon hannu da ƙura su ne suke sa hoto ya yi hazo. A matsa kusa da jariri maimakon jawo hoton da yatsu, a kuma durƙusa wayar ta zo daidai da fuskarsa. Kada a manta da ƙananan abubuwan da suke saurin canzawa, kamar tafin ƙafarsa a cikin tafin hannun mahaifiyarsa, ko 'yan yatsunsa sun dunƙule a kan babban yatsan kakarsa.

Akwai hotunan da ake gani a intanet, jariri ya tallafe haɓarsa da hannuwa biyu, ko yana rataye cikin zane a reshen itace, waɗanda bai halatta kowa ya gwada a gida ba. Akasarinsu haɗi ne na hoto biyu ko fiye, hannun babban mutum yana riƙe da kan jaririn, daga baya aka goge hannun da kwamfuta. Wuyan jariri ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyin kansa, kuma a tsakiyar kan akwai maɗiga, wato wurin nan mai taushi da ƙashi bai gama rufewa ba. Saboda haka ba a barin jariri shi kaɗai a kan gado ko kujera ko da na ƙiftawar ido, wani babba yakan zauna hannunsa na kusa da shi, mai ɗauka daga sama kuma ya riƙe wayar da hannu biyu don kada ta suɓuce. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, kada a dami cibiyar da ba ta faɗi ba, kada kuma a tuɓe masa kaya lokacin hunturu, domin jikinsa yana saurin yin sanyi. Kwallin da ake rangaɗa wa jarirai don kwalliya ma abin gudu ne, saboda an sha samun dalma a cikinsa, ita kuwa dalma guba ce mai cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Hoton jariri amana ce ta iyayensa, don haka ba a ɗaukar hoton mai jego sai da yardarta, musamman mai haihuwar fari wadda kunya kan hana ta faɗin abin da ke ranta, ba a kuma sa hoton a WhatsApp ko Facebook sai uwa da uba sun amince, hoton tsiraici kuwa ba a yaɗa shi ko kaɗan. Waya tana lalacewa, ana kuma sace ta, saboda haka a zaɓi hotuna biyu ko uku mafi kyau a kai a wanke su a takarda, a rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa a bayan kowanne, sannan a adana su inda damshi da gara ba sa kaiwa.