CIWON BAYAN DA BA A KWANA DA SHI A GIDA

Jama'a, ciwon baya ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tela da ɗan dako da direban Adaidaita Sahu da uwargida mai wanki a sunkuye, kowa ya san shi, kuma yawancinsa yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni. Amma akwai wani iri wanda idan aka yi masa jinkiri yakan bar mutum da shanyayyun ƙafafu, ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida har iya rayuwarsa. Domin mutanen unguwar Gwammaja ta Kano da maƙwabtansu su iya gane shi aka rubuta wannan takarda.

YADDA ALLAH YA GINA GADON BAYA

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sai na ƙasa waɗanda suka haɗe da juna. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifan guringuntsi. Ta tsakiyarsu laka ta ratso daga ƙwaƙwalwa, ita ke kai saƙo tana kuma dawo da shi. A jikin babban mutum tsawonta wajen santimita 45 ne, kuma takan tsaya a daidai gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙugu. Daga nan sai jijiyoyi su zubo ƙasa zara-zara, likitoci na kiransu jelar doki. Su ke motsa ƙafafu, su ke riƙe fitsari da bayan gida, su ke ba al'aura ji da kuzari. Saboda haka idan wani abu ya danne su, sai ayyukan nan su rikice.

ME KE DANNE SU?

Abin da ya fi yawa shi ne faifan guringuntsi ya goce ya faɗa kan jijiyoyin. Akwai kuma karayar ƙashin baya daga haɗarin babur ko faɗowa daga gini.

Sai ƙari. Wani a jikin lakar ko rigar jijiyoyin yake tsirowa, yana girma a hankali shekara da shekaru. Da yawansu ba sankara ba ne, kuma idan aka same su da wuri ana iya cire su ta hanyar tiyata. Alamarsa ita ce ciwon da ke tsananta da dare, ya tashi mutum daga barci. Wani ƙarin kuwa baƙo ne, daga wani wuri ya zo: sankarar mama ga mata, sankarar da ke kama dattawa maza a ƙasan mafitsara, ko ta huhu. A jikin yara akwai wata sankara mai saurin girma wadda Likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Takan kumbura muƙamuƙi ko ciki, wani lokaci kuma ta shanye ƙafafu farat ɗaya, amma tana jin magani.

A ƙasarmu dole a ambaci tarin fuka. Ƙwayarsa kan bar huhu ta shiga ƙashin baya ta cinye shi, har ƙusumbi ya fito. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan tun 1779. Mai shi yakan rame, yana zazzaɓin yamma da gumin dare, ko da ba ya tari. Haka ma tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka a kududdufi ko aikin fadama. Ƙwayayenta kan kai ga ƙarshen laka su kumbura ta, ko da yake ba kasafai ba.

ALAMOMIN DA KE CEWA A TASHI YANZU

Idan mai ciwon baya ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira wayewar gari:

1. Ya je tsarki, ya zuba ruwa daga buta ya sa hannu, amma bai ji sanyin ruwan ba, bai ji taɓawar ba. Ɗuwawu da tsakanin cinyoyi sun mutu.
2. Mara ta cika tam, ya tsuguna fitsari ya ƙi fita, ko kuma yana ɗiga bai sani ba.
3. Bayan gida na zuwar masa ba tare da ya ji ba.
4. Ciwo ko mindirya na sauka ta ƙafafu biyu.
5. Yana tafiya masallaci, silifas ya zame daga ƙafarsa, sai wani ya nuna masa. Ƙafar ta fara jan ƙasa.
6. Magidanci ya rasa kuzarin iyali kwatsam.

Jijiyar da aka danne ba ta jure wa daɗewa. Likitoci sun fi son a yi aikin sassauta ta cikin kwana ɗaya zuwa biyu da bayyanar alamomin. Bayan haka, abin da ya mutu ba lalle ne ya dawo ba.

ABIN DA KE JAWO ASARA

Babban abokin gabarmu a nan kunya ce. Dattijo zai ce wa likita bayansa na ciwo, amma ya ɓoye cewa yana jiƙa wando, musamman in ɗansa ne ya rako shi. Mace za ta yi shiru a gaban surukarta. To, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A nemi 'yan rakiya su fita, a faɗa wa likita komai dalla-dalla, domin wannan maganar ce za ta sa ya gane lamarin na gaggawa ne.

Na biyu shi ne yi wa ciwon suna tun kafin a duba: wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi, wata ta ce jifa ne. Sai a yi ta shan jiƙo, a yi ƙaho, a kai wa mai ɗori ya danna bayan. Danna ƙashin da tarin fuka ko ƙari ya riga ya ci yana iya ƙarasa shi. Addu'a wajibi ce, a yi ta ana kan hanyar asibiti.

INA ZA A NUFA?

Mutanen Gwammaja sun yi dace, domin Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da su. An kafa shi a 1959, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, kuma yana hannun Gwamnatin Tarayya tare da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. A wuce sashen gaggawa kai tsaye. Wanda ya yi haɗari a ɗauke shi a miƙe bisa katako, kada a naɗe shi a kujerar mota.

A sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya sosai, shi ya sa likita kan nemi hoton MRI. Yana da tsada, don haka dangi su haɗa hannu nan take. Daga sakamakonsa ake sanin ko tiyata ce ko magani. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma na ƙashin baya kan kai shekara ana sha, ba a tsayawa don an ji sauƙi.

WANDA ABIN YA RIGA YA SAMA

Kada a jefar da shi a ɗaki. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a tsabtace robar fitsari yadda ma'aikatan jinya suka koyar, a kuma daure da kai shi gashin ƙashi. Malamai su sanar da shi cewa shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari sauƙi wajen alwala, don kada ya bar salla saboda shakka.

Masu unguwanni, limamai, masu kemis da ungozoma, ku ake fara tunkara da irin wannan kuka. Ku riƙe alamomin nan shida, kuma duk wanda ya zo muku da ɗaya daga ciki, ku tura shi asibiti a ranar. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.