Wane Layi Ya Fi Saurin Intanet? Raba Gardama da Gwajin Mann-Whitney

Kafin ka zuba kuɗin datar wata guda a kan wani layi, ya kamata ka tabbatar ya fi ɗan'uwansa sauri a unguwarku. Yawancinmu mukan buɗe Speedtest ko Fast.com, mu gwada sau kaɗan, mu haɗa sakamakon mu raba, shi ke nan. Sai dai wannan matsakaicin yana iya yaudarar mutum. Darasinmu na yau zai nuna maka hanyar da ta fi shi aminci.

A matsayin misali, a ce ka auna layuka biyu sau biyar-biyar a lokuta daban-daban, ka samu waɗannan Mbps:

Layin A: 4, 5, 6, 7, 48
Layin B: 9, 10, 11, 12, 13

Matsakaicin A ya kama 14, na B kuwa 11. Kenan A ya fi? Sake dubawa. Sau huɗu A yana jan ƙafa, 48 ɗin nan kaɗai, wanda wataƙila cikin dare aka same shi lokacin da kowa ke barci, shi ya ɗaga shi sama.

Maganin wannan shi ne a ajiye girman lambobin, a duba matsayinsu, kamar yadda ake fitar da na ɗaya da na biyu a aji. Frank Wilcoxon ne ya kawo dabarar a 1945, sannan Henry Mann da Donald Whitney suka faɗaɗa ta a 1947. Ba kamar gwajin t ba, wannan bai damu sai lambobin sun taru daidai wa daida a kewayen matsakaici ba, shi ya sa ya dace da abu mai hawa da sauka irin saurin intanet.

Mataki na 1: Haɗa lambobin goma wuri guda, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ba su matsayi 1 zuwa 10. A zai samu 1, 2, 3, 4, 10. B zai samu 5, 6, 7, 8, 9. Idan lambobi biyu suka yi kunnen doki, a ce a matsayi na 3 da na 4, kowace ta ɗauki 3.5.

Mataki na 2: Tara matsayin kowane layi. A yana da 20, B yana da 35.

Mataki na 3: Cire mafi ƙarancin jimillar da awo biyar zai iya samu, wato 1+2+3+4+5 = 15. Abin da ya rage shi ake kira U. Na A ya zama 5, na B ya zama 20.

Me wannan ke nufi? Idan ka kara kowane awon A da kowane awon B, karawa 25 ke nan. B ya ci 20, A ya ci 5 kacal, dukansu albarkacin 48 ɗin.

Mataki na 4: Ɗauki ƙaramin U ka kwatanta da teburin Mann-Whitney. A awo biyar-biyar, sai U ya zama 2 ko ƙasa da haka kafin a yarda bambancin ba sa'a ba ce, bisa ma'aunin kashi 5 cikin 100. Namu 5 ne. Ko da layukan biyu saurinsu ɗaya, irin wannan rata za ta iya fitowa kusan sau 15 cikin 100. Saboda haka B yana da alamar rinjaye, amma hujjar ba ta isa ba tukuna. Ƙara awo: a goma-goma, iyakar ita ce 23 cikin karawa 100.

Sharaɗi ɗaya: kada awon wannan layi ya rataya da na wancan. Idan kana gwada su bi-da-bi a waya ɗaya, a minti ɗaya, sun zama tagwaye, kuma wani gwajin Wilcoxon na daban ne ya dace da su.

Ba sai da kwamfuta ba. A Google Sheets na wayarka, RANK.AVG zai fitar maka da matsayin, har da na kunnen doki. Sa 1 a ƙarshen umarnin domin ya fara ƙirga daga ƙarami. Yi awonka na mako guda tukuna, sannan ka sayi datar.